A Kwafi Rubutun, Kada a Yaga Littafin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani ado da ya shigo mana Argungu, wanda na yi maraba da shi amma ya bar min ciwo a zuciya.

Lokacin da ake shirin jeren ɗiyata bayan babbar Salla, ta ce tana son wani abu a bangon falonta wanda ba agogo ba, ba kuma hoton furanni ba. Ta gani a Facebook ana ɗaukar rubutun littafin da mutum yake ƙauna a sa a firam a rataye. Na ji daɗi ƙwarai, don shekara 31 na yi ina koyar da Hausa a firamare ina lallashin yara su so karatu. Ta ce, "Baba, ara min Ruwan Bagaja naka." Na miƙa mata, a zatona kwafa za a yi.

Bayan kwana huɗu aka kawo firam. Yaron da ya yi aikin ya zare takardun tsakiyar littafin, ya yanka su da almakashi siffar tsuntsu, ya manna da gam a kan baƙin kwali. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma da na matsa kusa sai na ga rubutun marigayi mahaifina da jan biro a gefen wani shafi, an datse shi rabi. Shi ya saya min littafin ina aji shida, da shi yake gwada karatuna da dare a gaban fitilar ƙwai. Ragowar kuwa a leda aka dawo min da ita.

Ban yi wa yaron faɗa ba, neman abincinsa yake. Amma kowace takarda fuska biyu gare ta, in ka manna ɗaya ka binne ɗayar. Littafin nan Alhaji Abubakar Imam ya rubuta shi don gasar da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga shi a 1934. Ya wuce shekara 90 ana karanta shi, kuma na zagaya kasuwarmu ban sami wani kwafin ba.

Masu bugawa da kwamfuta su ma ina da roƙo gare su. Na ga wani firam a gidan maƙwabcina, duk an zubar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Inda marubuciya ta ce ƙarya, bango ya ce karya. Abin da zai yi shekaru a gaban yara, ai ya kamata a duba shi sau biyu. In kuma marubucin yana raye, a nemi izininsa, a sa sunansa a ƙasa.

Mu fa ba baƙi ba ne a ƙawata rubutu. Duk wanda ya halarci walimar saukar Alƙur'ani ya ga allon zayyana. Na kai wa wani gardi a unguwarmu layi uku da ɗiyata ta fi so, ya feƙe alƙalamin kara, ya rubuta su da tawada a boko da ajami, ya zagaye da zayyana ja da kore. Wannan rubutun ne yanzu a falonta. Gardin ma ya ja min kunne cewa littattafanmu cike suke da sunan Allah da addu'o'i, kada a bar irin waɗannan shafuka almakashi ya bi ta kansu, guntayen su ƙare a shara.

Wani tsohon abokin aikina a Birnin Kebbi ya ara min nasa kwafin. Kullum bayan La'asar ina kwafe shafukan da aka yanka da hannuna, in na gama in kai a ɗinke min su a gurbinsu. Saura shafi tara.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Argungu, Jihar Kebbi.