Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sufeto Janar na 'Yan Sandan Najeriya: a daina yi mana shari'a a bakin titi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni direban motar haya ne, na haura shekara ashirin ina jigila tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, kuma abu ɗaya ne ya sa na ajiye sitiyari na ɗauki alƙalami.

Kwanakin baya na taso da mota cike da fasinja, ciki har da wata dattijuwa da ake jira a asibiti. A wani shinge aka ɗaga mini hannu, na gangara na tsaya. Ba zan faɗi wurin ba, ba kuma zan ce ga irin kakin da ke jikin mutumin ba, don ba ƙarar mutum ɗaya na kawo ba. Kafin in gama sauke gilashi ya zura hannu ya zare makulli. Na miƙa masa lasisi da takardun mota da inshora, babu wanda wa'adinsa ya ƙare. Ya jujjuya su, ya cusa a aljihu, ya koma inuwar darbejiya ya zauna. Na bi shi na ce, "Yallaɓai, mene ne laifina?" Ya ɗago ya ce, "Kai za ka koya mini aikina?" Muka kusa awa guda a cikin rana. Daga ƙarshe fasinjoji da kansu suka fara cewa, "Direba, ka sallame su mana mu tafi." Na ce ba ni da tsabar kuɗi, sai aka nuna mini mai POS a gefen hanya, kamar dama don mu aka ajiye shi. Na biya. Babu rasit, babu takardar laifi, har yau kuma ban san laifin da na saya ba.

Shi ya kama ni, shi ya tuhume ni, shi ya yanke hukunci, shi kuma ya karɓi tarar. A wace doka aka tara wa mutum ɗaya waɗannan kujeru huɗu?

Ɗan ƙanena lauya ne, shi ya zaunar da ni ya karanta mini Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu. Ashe kafin jami'i ya binciki mota ko mutum, dole ne ya faɗi sunansa da ofishin da ya fito, da abin da yake nema, da dalilin da ya sa yake zargi. Ashe shigar mutum ko askin kansa ko shekarunsa ba hujjar zargi ba ne. Ashe haramun ne a kama yaron mota a madadin ubangidansa. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 35, ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya, kuma a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40. Na ji daɗin karatun, sai dai a duk shekarun nan da doka ta fara aiki ban taɓa cin karo da wanda ya gabatar mini da kansa kafin ya ce in buɗe but ba. Ko an buga dokar ne don a ƙawata kantar littattafai a Abuja?

Ka fi ni sanin tarihin alkawuran ofishin da kake zaune a ciki. A 2012 M. D. Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi, mun yi ta sa albarka, ba a jima ba ganguna da tsofaffin tayoyi suka dawo inda suke. A 2015, zamanin Solomon Arase, aka buɗe sashen karɓar koke-koken jama'a. A 2017 Ibrahim Idris ya sake cewa a rushe shingaye. A watan Oktoban 2020, ana dab da zanga-zangar EndSARS, Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ai su daina bincika wayoyin mutane barkatai. Duk mun ji a rediyo. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce ya gani a ƙasa.

Ba na wanke mu direbobi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikinmu akwai mai lodin da ya wuce ƙa'ida, da mai gudun ganganci, da mai tuƙi waya a kunne, da wanda bai taɓa shiga ofishin lasisi ba. Kuma mu da ke bin hanyar Kaduna zuwa Abuja, mun san daren da ganin motar sintiri ke sa mutum ajiyar zuciya. Amma mai laifi a rubuta masa laifinsa a takarda, ya je ya biya a asusun gwamnati, ko ya je kotu ya kare kansa. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, suna da jerin laifuffuka da tarar kowanne a rubuce, ka ga ashe abu ne mai yiwuwa. Tsarin da ake ciki yanzu ya ma fi yi wa mai laifin daɗi, don ya san naira ɗari biyu a dunƙule cikin tafin hannu za ta wuce da shi ko da motarsa ba birki. Mai cikakkun takardu, wanda ya biya kuɗin inshorar da kuka ce za ku fara dubawa tun Fabrairun 2025, shi ake shanyawa a rana saboda ya yi tambaya.

Don Allah, ranka ya daɗe, ba abu mai tsada muke roƙo ba. Ka fitar da takarda ɗaya tak, da sa hannunka, mai bayyana takardun da jami'i zai iya nema a hannun direba, da abin da ba shi da ikon yi: zare makulli, riƙe takardu ba tare da rubuta laifi ba, buɗe waya, karɓar kuɗi a hannu. A fassara ta da Hausa da sauran harsuna, a liƙa a kowace tasha, a karanta a rediyo, don yawancinmu ba mu hawa intanet neman sanarwar da aka yi da Turanci. Sannan duk shingen da aka kama ana karɓa, a tuhumi DPO ɗin yankin tare da kurtun, kuma a faɗa mana abin da aka yi musu.

Maganar "beli kyauta ne" da ke rubuce a bangon caji ofis, da ta motocin da ke ruɓewa a harabarsa, na bar su sai wani jiƙon. Jibi da asuba zan sake lodi zuwa Abuja, kuma na riga na ware canjin da zan ajiye a kan dashbod.

Naka,
Direban motar haya, daga Kano