Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Daga Sakatare

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi maza da mata. Toh Allah ya kawo mu ƙarshen shekara, ga rahoton da tsarin ƙungiya ya ɗora min. Dan Allah a karanta kafin mitin, kar a zo ana tambayata abin da ke rubuce a nan ƙarara kamar yadda aka yi bara.

Mitin ɗin wata-wata mun yi su duka, ban da na watan azumi da na Agusta da ruwan sama ya hana.

Maganar kuɗin wata kuwa, ma'aji zai kawo lissafinsa a takarda, amma a taƙaice waɗanda suka biya cikakke ko rabinmu ba su kai ba. Ni da shi mun zama kamar masu bin bashi, ka kira mutum ya ce sakatare bari albashi ya shigo, albashin nan ya shigo sau goma sha biyu ba mu ga komai ba, wani kuma da ya ga lambata sai ya yi kunnen uwar shegu. Wallahi nima ina da iyali da wajen aiki, ba biyana ake ba.

Na fara da wannan ne saboda na ji ana cewa wai mun yi alƙawarin koya wa yara binciken intanet a makarantu huɗu a nan Kaduna mun ɓige da biyu. Gaskiya ne, Tudun Wada da Unguwar Rimi kawai muka iya, Rigasa da Kawo ba mu taka ba. Amma a tuna kasafin a Disambar bara muka yi shi, a Janairu hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kuma darasinmu kacokan a kan data yake tafiya. Ga fetur na janareta in an ɗauke wuta, ga kuɗin Keke na masu koyarwa, duk wanda ya san nisan Rigasa ya san ba tafiyar da za a ce wa ɗan sa-kai ya yi daga aljihunsa duk Asabar ba ce. Laptop ɗinmu huɗu, ɗaya batirinta ya mutu tun kafin babbar sallah. Ɗan littafin Hausa da muka ce za mu buga wa yara shi ma an gama rubutawa, Malama ta duba shi har sau biyu, kuɗin ɗab'i ne babu. Yana nan a filashi, ba ɓata ya yi ba kamar yadda wani ya faɗa.

Yanzu abin daɗin. Gasar bincike da muka yi wa 'yan JSS2 a Tudun Wada ƙarshen zango na uku, wanda bai zo ba gaskiya an yi ba shi. Sati shida muna koya musu abubuwan nan: kar ka zuba wa Google doguwar jimla, zaɓi kalmomin da suka fi muhimmanci, in kana son jimla daidai yadda take ka sa ta cikin alamar zance, in bayanin gwamnati kake nema ka ƙara site:gov.ng a ƙarshe. Abin da ya fito a sama ba lallai shi ne gaskiya ba, sau da yawa talla ce aka biya. Sai tambayoyin da muka sa suka haddace kamar karatun allo, wa ya rubuta, yaushe ya rubuta, ina ya samo, me yake so da ni.

Ranar gasar muka raba su rukuni-rukuni, tambayar farko mai sauƙi a ido: wace shekara aka ƙirƙiri jihar Kaduna? Wani rukuni ya ce 1967, wani 1976, na uku suka dage a kan 1987, kowa yana nuna allo yana rantsuwa intanet ce ta faɗa. Muka ce toh ku koma ku gano dalilin saɓanin. Minti kamar ashirin sai ga wata yarinya 'yar ƙarama, hijabinta har ƙasa, ta miƙe ta ce Malam duk ba su yi ƙarya ba, a 1967 Gowon ya yi jihohi 12 aka samu jihar Arewa ta Tsakiya mai hedikwata a Kaduna, a 1976 zamanin Murtala aka sauya mata suna zuwa Kaduna, a 1987 Babangida ya cire Katsina daga cikinta, saboda haka sai mai tambaya ya faɗi wacce yake nufi. Shugaban makarantar da kansa ya tashi yana tafi. Da muka tambaye ta ina ta samo ta ce a Wikipedia ta fara gani amma ba ta tsaya nan ba, ta gangara ƙasa ta duba inda suka ɗauko sannan ta gwada da wani shafin daban. Ni dai a nan na ji gajiyar shekarar ta ɗan sauka.

Zagaye na biyu muka ba su irin link ɗin nan na tallafin karatu da kyautar data da ke yawo a WhatsApp. Nan da nan suka lura adireshin ba ya ƙarewa da gov.ng irin na JAMB ko NECO, ga kuskuren rubutu, ga sharaɗin sai ka tura wa mutum goma, ga neman BVN. Wani yaro ya ce ai akwai alamar kwaɗo a jikin adireshin, abokinsa ya ce kwaɗon yana nufin an rufe hanyar saƙo ne kawai, ɓarawo ma yana iya sa wa shagonsa kwaɗo. Ba mu muka koya masa wannan misalin ba. Sai hoton ambaliya da aka taɓa turowa wai kogin Kaduna ne, suka sa a Google Lens, mai nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ya nuna tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Mun kuma nuna musu Dubawa da Africa Check, masu aikin tantance labarai, don su san akwai inda ake zuwa a duba.

Da Hajiya uwar ƙungiya ta zo rufe taro ta tuna wa iyaye wankan ruwan gishiri na lokacin Ebola a 2014, yadda saƙon waya ya tashi mutane da tsakar dare har wasu suka sha ya kai su asibiti, ta ce yaran nan da yawansu suna goye aka yi musu wankan. Dariya har da masu riƙe ciki, amma iyaye mata da dama sun same mu bayan taro suna tambaya ko za a yi musu nasu ajin. Godiya ta musamman ga Hajiya da ta ɗauki nauyin abinci da ruwan leda, da matasanmu uku da ba su taɓa fashin Asabar ba.

Abin da ya ban haushi shi ne link ɗin da yaran suka gano na bogi ne daga gurup ɗinmu na ɗauko shi, mamba ne ya turo, har da rubuta a yi sauri kafin a rufe. Ba zan kama suna ba, ya san kansa, kuma yana cikin waɗanda ba mu gani ba tun mitin ɗin Fabrairu. Mutum ba ya zuwa aji, ba ya biyan kuɗin wata, amma kullum shi ne farkon tura ƙanzon kurege da asuba. Shi ya sa nake ba da shawara ajin farko na 2026 mu mambobi za a fara yi wa, kafin na iyaye mata.

Mitin na gaba Lahadin farko ta Janairu bayan la'asar, wajen da aka saba. A zo da bashin kuɗin wata ko a tura wa ma'aji kafin ranar, in abin da ya shigo ya isa za mu fara da ɗab'in littafin sannan Rigasa. Wanda furojekta take hannunsa tun ranar gasa dan Allah ya dawo da ita tare da wayarta. Kuma wa'adina na sakatare ya ƙare a wannan watan, a zo da sunan wanda zai karɓa.

Sakatare