Rahoton shekara na ƙungiyarmu kan dawo da samarinmu gida

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na gida da na ci-rani. Ga abin da kwamiti ya yi a bana, lissafin kuɗi kuma ma'aji zai karanto shi dalla-dalla a mitin ɗin bayan sallah in Allah ya kai mu.

Kun dai san tun da Legas ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022 yaranmu da yawa suka shiga halin ni-'yasu, wasu har babura aka kwashe musu, amma ba su dawo ba, to su dawo su yi me? Ga dai ruwan Tiga yana wucewa ta kanal, amma wanda gonarsa ta yi nisa sai da rijiya da injin ban ruwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye ribar noman rani kaf. Shi ya sa muka bar dogon wa'azi muka zuba gudummawarku a injinan sola, muka ba samarin su bashi babu kuɗin ruwa, kowa da mai tsaya masa, biya sai an ɗebe amfani. Iyayenmu da suka ba da aron gonaki Allah ya saka da alheri, wallahi ba don su ba da injinan suna nan a ajiye.

Ba kowa ke son noma ba, kuma ba mu matsa wa kowa ba. Wasu mun kai su Kura koyon aikin injin casar shinkafa, wasu gyaran sola.

Inda abin ya yi mana ciwo shi ne tumatir. Waɗanda sharon, tsutsar nan mai cinye tumatir, bai ci musu gona ba sun kai kaya kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan daidai lokacin da kowa ya kawo nasa, kwando ya faɗi warwas, wasu ko kuɗin mota ba su mayar ba, har mun ji masu cewa gara su koma kudu. Don haka baɗi muna son rumfar shanya kauɗa mai tsafta, a daina shanyawa a ƙasa, kuma a raba shuka kada kowa ya tsinka a sati ɗaya.

Masu bashin kuɗin wata don Allah a biya kafin mitin, akwai samarin da suka rubuta suna tun bara har yanzu suna jiran inji.