A sassauta binciken muhalli kan hanyoyin ƙafa, amma ba a ko'ina ba

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan muhawarar da ake yi a Amurka game da sassauta binciken muhalli kafin a shimfiɗa hanyoyin ƙafa da na keke a dazuzzuka, ko a ƙara musu tsawo.

Masu neman sassauci suna da hujja. Dokar NEPA da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a 1970 ta wajabta wa hukumomin tarayya su auna illar aiki ga muhalli tun kafin a kafa diga. Da jan ƙafa ya yi yawa, a 2023 majalisa ta ƙayyade wa'adin shekara 2 ga babban rahoto, shekara 1 ga ƙarami. To ko shekara guda ai ta yi yawa idan tsohon layin dogo ne za a mayar hanyar ƙafa. Tun 1983 doka ta ba da damar mayar da layin da jirgi ya daina bi hanyar ƙafa. An riga an sare itatuwa, an yi ciko, an zuba tsakuwa, ga gadoji a tsaye. Me ya rage a ɓata? Irin wannan a bar mutane su yi aikinsu.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne sabuwar hanya a cikin daji. Mutane na raina turba don faɗinta bai wuce taku biyu ba. Amma a yanka ta ta miƙe gangaren tudu, damina ɗaya ta isa ruwa ya mayar da ita magudana, ya kwashe ƙasa ya zuba a rafi, laka ta binne ƙwan kifi. Idan ta ratsa fadama, tsuntsuwar da ke kwanci a ƙasa za ta bar sheƙarta saboda masu wucewa da karnukansu. Mai bincike ne zai ce a karkatar da hanyar ta bi gefen tudu, kuma gyara a takarda ya fi gyara a ƙasa sauƙi.

Batun ƙarin tsawo ya fi damuna. Bana a ƙara kilomita biyu a ce ƙaramin aiki ne, baɗi a ƙara wasu biyu, har a keta dajin kaf ba wanda ya duba. Ina kira ga masu yin doka su sa a riƙa haɗa lissafin ƙare-ƙaren nan wuri guda, su kuma cire fadamu da matsugunin namun dajin da ke barazanar ƙarewa daga wannan sassauci.

Naku,
Mai karatu