Wasiƙa Zuwa ga Iyaye: Baƙin Tsuntsaye Sun Iso, Yaranmu Sun Fita Kallonsu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum. Muna fatan kuna lafiya, da ku da iyalanku. Wasiƙar wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya take, wato fitar kallon tsuntsaye da ɗalibanmu suka fara tun shigowar sanyi. Wasu daga cikinku sun tare mu a bakin ƙofa suna tambayar amfanin tayar da yaro da sassafe ranar Asabar don ya je ya zuba wa tsuntsu ido. Hakkinku ne ku tambaya, mu kuma wajibi ne mu ba da amsa.

Da jagora muke fita, mutumin da ya daɗe yana bin tsuntsaye har ya san su da gani, ya san su da kuka. Tun kafin a isa bakin fadama yakan tsayar da yara ya ja musu kunne: a yi magana ƙasa-ƙasa, kada a ɗaga hannu da sauri, a bar rana a baya don haske ya faɗa kan tsuntsun. Wanda ya ga wani abu kuma kada ya ce "ga shi can". Sai ya ce "a kan busasshen reshe, hagu da babban itacen nan", don kowa ya san inda zai duba. Wannan kaɗai ya ɗauki yaran fita biyu kafin ya zauna musu.

Ranar farko sun fi murna da waɗanda suka riga suka sani: balbela, zalɓe yana tsaye cikin ruwa shiru, kirinjijiya suna fito a sama, zakaran ƙeƙuwa yana ta tsiwa. Jagoran ya bar su suka ƙoshi da waɗannan, sannan ya saita babban madubin hangen nesa a kan wasu ƙananan agwagin ruwa da ke can tsakiya. Ya ce a duba namijin, akwai farin layi da ya taso daga saman idonsa ya gangara wuya. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta daɗe da ido a madubin, ta ɗago ta ce ta gani. Sai ya gaya mata cewa wannan agwagwar a Turai ko yammacin Asiya aka ƙyanƙyashe ta, kuma sai da ta ƙetare hamadar Sahara kafin ta sauka kan ruwan nan. Yarinyar ba ta ce komai ba, ta sake mayar da idonta kan madubin.

'Yan ci-rani ne, haka muka bayyana wa yara, kuma nan take suka gane. Idan sanyi ya sauka a ƙasashen arewacin duniya, ruwa ya daskare, ƙwari su ɓace, tsuntsayen da ke rayuwa a kansu sai su nufo kudu, su koma idan yanayi ya sassauta. Ƙananan cikinsu da dare suka fi tafiya, kuma kafin su tunkari hamada sukan yi ta ci har wasu su kusa ninka nauyinsu da kitse, shi ne guzurinsu. Manya masu faɗin fiffike, irin farar shamuwa ta Turai, da rana suke tafiya suna hawa iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa. Irin wannan iskar ba ta tashi sosai a kan teku, shi ya sa suke bi ta mashigin Jibralta da ke tsakanin Sifen da Maroko, ko ta Bosforus a Turkiyya, inda ruwan ya tsuke. Ita kuwa shamuwar da muka sani, wadda ke zuwa da damina, nata zagayen a cikin Afirka yake, kudancin nahiyar take nufa idan ruwa ya ɗauke.

An daɗe ba a san haka ba. A Turai har akwai masu ilimi da suka yi zaton tsattsewa cikin taɓon tafki take shigewa ta yi barci har sanyi ya wuce. A 1822 aka harbi wata farar shamuwa kusa da garin Klütz a Jamus, sai ga mashin mutanen Afirka soke a wuyanta, da shi ta yi doguwar tafiyarta ta komawa. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Mun ji daɗin gaya wa yara cewa malamin makaranta ne ya fara wannan aikin da masana ke yi har yanzu a duniya.

Yanzu har 'yar na'ura ake ɗaura wa tsuntsu a bi sawunsa ta tauraron ɗan Adam. A 2022 wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki, wanda bai wuce wata biyar da ƙyanƙyasa ba, ya tashi daga Alaska ta Amurka bai sauka ba sai a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, kilomita 13,560 cikin kwana 11. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai farin gindin wutsiya, nauyinsa kimanin giram 25, wanda yaranmu suka gani yana tsalle a kan busasshiyar ƙasa. Cikin irinsa da ke zuwa yammacin Afirka har da waɗanda suka taso daga Girinlan da gabashin Kanada, suka ƙetare tekun Atlantika. Malamar lissafi ta sa 'yan aji shida sun auna giram 25 na yashi a tafin hannu, sannan suka nemi wuraren a taswira.

Abin da ya fi ƙarfafa mana gwiwar ci gaba da wannan fita ya faru ne a Asabar ta uku. Wani yaro ya rugo yana haki, ya ce ya ga tsuntsun da ba kasafai ake gani ba, har ya buɗe littafin hotuna ya nuna shi. Jagoran bai ƙaryata shi ba, bai kuma yarda ba. Ya ce ya rufe littafin, ya buɗe nasa na rubutu, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Girmansa kamar kurciya ko ya fi? Bakin miƙaƙƙe ne ko ya lanƙwasa? Wane launi ne ƙafafun? Da ya tashi, akwai fari a fiffiken? Yaron ya amsa biyu, ya yi shiru a kan biyu, daga baya ya ce gaskiya bai ga ƙafafun ba. Jagoran ya ce to ya rubuta hakan. A littafin yaron nan yau akwai zanen tsuntsu, a ƙasansa an rubuta "ban tabbatar ba".

Wannan jimlar ta fi mana daraja a kan jerin sunaye masu tsawo. Baƙon tsuntsu yakan ɓullo inda ba a saba ganinsa ba, ko don iska ta kauce da shi, ko don ƙarami ne da ke tafiyarsa ta farko ya ɓata hanya. Amma ido yana saurin ganin abin da zuciya ke so, shi ya sa a ƙasashe da dama akwai kwamitin masana da ke tantance irin wannan rahoto, su nemi hoto ko cikakken bayani kafin su karɓa. Yaron da ya koyi raba abin da ya gani da abin da yake zato, ya koyi abin da zai yi masa amfani a ɗakin gwaji da wajensa.

Akwai kuma ƙarancin wasu tsuntsaye da ke da ban tausayi. Mun gaya wa manyan ɗalibai labarin wani tsuntsun bakin ruwa mai siririn lanƙwasasshen baki, wanda a da yake cin raninsa a gaɓar Bahar Rum. Ganin ƙarshe da aka tabbatar an yi masa a Maroko ne, a 1995, kuma a 2024 masana suka bayyana cewa ya ƙare a duniya. Ungulu mai ƙaramin jiki da ke shawagi a garuruwa tana cikin jerin masu fuskantar matsanancin haɗarin ƙarewa tun 2015. Ku tambayi kanku yaushe rabonku da jin kukan gauraka. Abin da ya sami wuri ɗaya kuma yakan bayyana a wani wuri mai nisa: bayan farin da aka yi a yankin Sahel a 1968, wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke komawa Ingila ya ragu da fiye da rabi a bazarar 1969. An gane hakan ne domin akwai masu ƙirga, yawancinsu 'yan sa-kai.

Irin wannan ƙirgar muke son yaranmu su ɗanɗana. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar kowane Janairu, kuma mu ma za mu yi tamu 'yar ƙaramar a lokacin, mu miƙa wa jagoran abin da muka tabbatar. Ranar 2 ga Fabrairu kuma, ranar tunawa da yarjejeniyar kare dausayi da aka sa wa hannu a Ramsar ta ƙasar Iran a 1971, ɗalibai za su baje littattafansu da zane-zanensu a ɗakin taro. Muna gayyatarku duka.

Ga abin da muke roƙo daga gare ku. Yaro ya iso makaranta kafin ƙarfe 6:30 na safe, domin tsuntsaye sun fi walwala kafin rana ta yi zafi. Ya sa tufa marar ƙyalli da rufaffen takalmi, ya riƙo rigar sanyi, ruwan sha, fensir da ƙaramin littafi. Ba sai kun sayi madubin hangen nesa ba, na makaranta muke juyawa hannu zuwa hannu, sai dai idan akwai wanda ke ajiye a gida za mu yi godiya da aro. Danƙo kam a bar shi a gida. Ku kuma nanata musu cewa ba a taɓa mataccen tsuntsu ko marar lafiya, saboda murar tsuntsaye. Idan an ga zobe a ƙafarsa, a kira malami shi ya karanta lambar.

Kowane rukuni na tafiya da malamai biyu ban da jagora, kuma babu yaron da ke shiga ruwa. Muna neman iyaye biyu ko uku da za su riƙa raka mu duk fita, mata ko maza, ko da ba ku taɓa riƙe madubi ba. Takardar izini tana cikin jakar yaranku, a sa hannu a dawo da ita ga malamin aji kafin ranar Alhamis.

Wassalam,
Shugabar makaranta da malaman kimiyya