Wasiƙa zuwa ga 'yata: tufafi da bushewar fata

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan karatu na tafiya daidai. Ƙanwarki ta ce fatarki ta yi furu-furu, ga ƙaiƙayi a wuya da hammata. Kafin ki ɗora wa man shafawa laifi, duba abin da kike sawa.

Hunturun Zariya, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska yake kawowa, tana zuƙe ruwan fata. Amma da rana, kina takawa daga ɗaki zuwa aji a Samaru, sai kin yi zufa a ƙarƙashin hijabi. Auduga na riƙe danshin da ya kai kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinta. Yadin roba irin na poliyesta kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Shi ya sa zufa ke kwanciya tsakanin hijabin roba da fata, ta jiƙa ta har ta yi yaushi kamar yatsun mai wanki. Sai ƙofofin zufa su toshe, ƙurajen zafi su feso. Ƙyasbi da makero ma irin wannan wuri mai ɗumi da laima suke so.

Audugar ma tana da nata aibin. Tana shan zufa, amma tana jinkirin bushewa. In kika yini da jiƙaƙƙiyar shimi har ta bushe a jikinki, fatar da ta jiƙu za ta saki ruwanta da sauri, ta ƙara bushewa fiye da da. Don haka abin da ke taɓa fata ya zama auduga mai laushi, kuma ki canza shi da zarar ya jiƙe. Shimi uku ko huɗu sun isa juyawa.

In za ki sayi yadi a kasuwar Sabon Gari, kada ki dogara da bakin mai shago. Ki zaro zare ɗaya, ki kusanta shi da ashana: auduga na ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi, roba narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri.

Sabuwar atamfa a wanke ta kafin a sa. Ɗauraya sau biyu, don ragowar omo a zare na cin maiƙon fata. Ki rage sitaci, yana goge wuya. Rigar sanyi ta ulu a kan ta auduga ake ɗora ta, kada ta taɓa jiki.

Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ki tsane jiki kawai, ki shafa man kaɗanya ko basilin cikin minti 3, tun fatar na da laima. Mai tsare ruwa yake yi, ba ya ƙara shi. Hammata da ƙasan ƙirji kuwa a bar su a bushe. Diddige mai faso ta sha mai da dare, ki sa safar auduga.

In ƙurajen suka fara ruwa, ko suka wuce mako 2, ki je asibitin makaranta.

Babanki na gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Wassalam,
Mahaifiyarki