Takardar Koke Kan Aikin Gyaran Tsohuwar Ganuwa da Ƙofarta

Zuwa ga Mai Martaba Sarki,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Bayan gaisuwa da ban girma, mu talakawanka mazauna unguwannin da ke jikin tsohuwar ganuwa, haɗe da maginan gado, mun kawo kuka gabanka kan aikin da hukumar kula da kayan tarihi take yi a ganuwar da ƙofarta. Ba gyaran muke ƙi ba. Mu ne muka daɗe muna roƙon a zo a duba wuraren da ruwa ya ci. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne irin gyaran, da kuma yadda aka fara shi ba sallama, sai dai muka wayi gari muka ga ɗan kwangila da buhunan siminti.

Ranka ya daɗe, siminti ba ya zama da ginin ƙasa, kowane magini ya san haka. Bangon tubali yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Idan aka lulluɓe shi da siminti, danshin da ke tasowa daga ƙasa ba ya samun mafita, sai ya taru a ciki ya jiƙa tubalin. Daga waje a ga bango sumul, a ɗauki hoto a kai ofis, alhali ciki yana ruɓewa. Wata rana fatar simintin ta ɓalle ta faɗo da guntun bangon. Yaɓen ƙasa kuwa ko ya zaizaye, a fili yake zaizayewa, a gani a sake. Wahalarsa ɗaya ce, yana son a riƙa komawa kansa duk shekara, kuma muna zaton abin da hukumar ke gudu ke nan, domin kwangila sau ɗaya ake ba da ita a tashi.

Wannan ba ra'ayin magina kaɗai ba ne. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masanan adana gine-ginen tarihi suke tinƙaho da ita, ta ce ba a komawa ga dabarar zamani sai inda ta gargajiya ta gaza, kuma gyara yana tsayawa inda hasashe ya fara. To yaushe aka gwada hannun maginanmu har aka ce ya gaza? Kuma zanen da aka yi wa saman ƙofar, a wane tsohon hoto aka gan shi? Dattawanmu ba su san ta da wannan kama ba.

Babban Masallacin Djenne a Mali, wanda ginin da ke tsaye yanzu na 1907 ne, mutanen garin ne ke fitowa duk shekara su sake masa yaɓe, kuma hakan bai hana UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sanya garin cikin kayan tarihin duniya a 1988 ba. A Tumbutu, bayan an rusa hubbarorin waliyyai a 2012, maginan garin aka kira suka sake tayar da su da irin kayan da kakanninsu suka yi aiki da su. A Sin kuwa, a 2016 jama'a suka yi caa da hotuna suka fito na wani sashe na Babbar Ganuwa a lardin Liaoning da aka shafe samansa sumul kamar titi da sunan gyara. Ba ma so tamu ta shiga wannan sahun.

Akwai kuma maganar shinge. An kewaye ƙofar da waya, an hana tsofaffi zama a inuwarta, an hana yara bi, wai don kariya. Amma a ɗaya gefen, inda ake ɗibar ƙasar ganuwa da dare, inda ake zuba shara, inda wasu suka sa harsashin gini a kanta, ba mu taɓa ganin ma'aikacin hukumar ba. Waɗannan tsofaffin da aka kora su ne suke tsawata wa mai ɗibar ƙasa. Tunda suka tashi, ɓarnar ta ƙaru.

Don haka muke roƙon Mai Martaba ya sa baki a dakatar da aikin siminti kafin damina ta faɗi, a kuma cire wanda aka riga aka shafa a hankali, kada garin gyaran gira a rasa ido. Muna roƙon a kira shugabannin hukumar fada su zauna da maginan gado da masu unguwanni, su nuna mana taswirar aikin da kuɗin da aka ware, a bayyane. A gyara magudanan ruwa da ke gindin ganuwar, domin daga nan cutar take farawa. A ware wani abu na yaɓen shekara-shekara a danƙa wa maginanmu, matasanmu kuma sun yi alkawarin kawo ruwa da kwaɓa ƙasa ba tare da an biya su ba. Shingen ƙofar kuma a buɗe shi da rana.

Mun haɗa da hotunan wuraren da simintin ya fara tsagewa, kuma a shirye muke mu raka duk wakilin da Sarki ya turo ya gani da idonsa.

Allah ya taimaki Sarki.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Mazauna unguwannin jikin ganuwa da maginan gado.